Rumde da Maƙwabtanta: Labarin da Sunayen Unguwannin Bakin Geriyo Ke Ɗauke da Shi

Da sanyin safiya a watan Fabrairu, tun hazo bai washe daga kan kogin Binuwai ba, fadamar Geriyo ta riga ta cika da jama'a. Injinan ban ruwa na ta ruri. Masu lambu na cirar alayyafo da latas da yakuwa, 'yan sari na ɗaure su dami-dami domin kasuwar Jimeta. Can a kan tafkin Geriyo, masunta na janyo ragar da suka shimfiɗa tun dare. A bakin titi kuwa 'yan keke napep na kiran fasinja: Jambutu, Doubeli, Rumde, kasuwa.

Idan ka dawo wurin a watan Satumba, da ƙyar za ka gane shi. Kogi ya cika ya tumbatsa, ya haɗe da tafkin, lambunan sun nutse. A shekarar da abin ya yi tsanani, ruwan kan wuce gonaki ya shiga gidaje, a ga mutane na fito da katifu da buhunan hatsi a ka, makarantun firamare su koma wurin kwanan waɗanda ruwa ya kora.

Haka aka gani a 2012, aka sake gani a 2022 da 2023. Duk lokacin da aka lissafa wuraren da abin ya shafa a ƙaramar hukumar Yola ta Arewa, sunaye kusan iri ɗaya ne ke dawowa: Rumde, Limawa, Gwadabawa, Doubeli, Jambutu. Ana karanta su a rediyo, ana rubuta su a takardun raba kayan agaji. Kaɗan ne ke tsayawa su tambayi abin da sunayen ke nufi, alhali da yawa daga cikinsu bayani ne da mutanen farko suka bari game da ƙasar da kuma waɗanda suka yi aiki a kanta.

Tudu ne ya haifi Yola

Labarin ya faro ne daga Modibbo Adama, malamin Fulani da ya yi karatu a Barno, ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo wajen 1809. Masarautar da ya kafa ana kiranta Fombina, wato kudu a Fillanci, domin ita ce ɓangaren kudu maso gabas na daular Sakkwato. Ta faɗaɗa har ta haɗa Garwa da Marwa da Ngaundare da Tibati da Banyo, waɗanda yau duk suna cikin Kamaru.

Modibbo bai zauna wuri ɗaya ba. Ya fara da Gurin a bakin kogin Faro, ya koma Ribadu, ya zauna Njoboliyo, kafin a 1841 ya sauka inda fadar Lamiɗo take a yau. Wurin tudu ne da ya ɗaga sama da fadamar Binuwai. Irin wannan ƙasa Fulani ke kira yolde, kuma daga nan sunan Yola ya fito.

Zaɓin na mai dabbobi ne, kuma na mai lura da damina. A kan tudu ake gina gida da masallaci, a kwari ake kiwo da noma. Fadama da tafkunan da ke tsakanin garin da kogi sun zama masa garkuwa, musamman a lokacin da Batawan da ke duwatsun Bagale, a tsallaken kogin, ba su miƙa wuya ba. Sai a zamanin ɗansa Lamiɗo Lawal, wanda ya hau bayan rasuwar Modibbo a 1847, aka ci Bagale.

Wannan batu na Batawa bai kamata a wuce shi da sauri ba. Su ne mutanen kogin tun kafin tuta ta zo. Su ke da su, su ke da kwale-kwale, su suka san lokacin da ruwa ke hawa da lokacin da yake janyewa. Duk tarihin Yola da Jimeta da ya fara daga 1841 ya bar rabin labarin a baya.

Garin da jirgin ruwa ya raina

Jimeta na da tazarar kimanin kilomita 9 daga cikin Yola, a daidai gaɓar kogin. Ƙaramin wuri ne har sai da fataucin Turawa ya hau Binuwai. A shekarun 1880 kamfanin Ingilishi da daga baya ya zama Royal Niger Company ya fara ciniki a nan, galibi daga cikin wani tsohon jirgi da aka ɗaure a ruwa, domin sarakunan Yola ba su yarda baƙin su kafu a tudu yadda suke so ba. Faransawa ma sun zo: Laftanar Mizon ya iso a 1891, ya kuma bar wa Lamiɗo Zubairu igwa biyu.

A farkon Satumbar 1901 sojojin Ingila ƙarƙashin Kanar Morland suka ci Yola. Zubairu ya fice yana yaƙi, aka kashe shi a 1903, Turawa suka naɗa ɗan'uwansa Bobbo Ahmadu. Daga nan al'amura suka rabu biyu. Sarauta da malanta suka tsaya cikin Yola. Bariki da kantuna da tashar jiragen ruwa suka koma Jimeta.

A wancan zamani, tsakanin Yuli da Oktoba, lokacin da kogi ke da zurfi, jirage kan hauro daga bakin teku da gishiri da yadi, su sauka da gyaɗa da auduga da fatu. Kamfanoni irin su John Holt da UAC suka buɗe rumbuna. Aiki ya jawo mutane: fatake da mahauta daga ƙasar Hausa, Barebari, Nufawa, Jukunawa masu su, sai akawuna daga Kudu, waɗanda unguwarsu har yau ake kiranta da sunan Turanci na Clerks Quarters. Da aka ƙirƙiro jihar Gongola a 1976, sannan Adamawa a 1991, sunan babban birni na Yola ne, amma sakateriya da gidan gwamnati da manyan kasuwanni suna Jimeta.

Saboda haka Jimeta ta girma da harsuna biyu a bakinta. Fillanci ya raɗa wa ƙasa suna, Hausa ta zama harshen kasuwa da titi. Yaron da aka haifa a Rumde a yau zai iya girma da Hausa zalla, yana faɗin sunan unguwarsu kullum ba tare da ya ji ma'ana a cikinsa ba.

Me ake nufi da Rumde?

Kalmar ta Fillanci ce, kuma tana da fuska biyu. Asalinta na komawa ga zaman damina: wurin da makiyayi ke sauka ya yi damina, ya ɗan yi noma kafin ya tashi. To amma a Adamawa ta ƙarni na 19 kalmar ta ɗauki wata ma'ana mai nauyi. Rumde shi ne ƙauyen noma da sarki ko basarake ko attajiri ke zaunar da bayinsa, su noma masa abinci. Abin da Bahaushe ke kira rinji ke nan, ko gandu.

Bature matafiyi Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim a ƙasar Hausa da Barno, ya iso Yola a watan Yunin 1851. Bai daɗe ba, domin takardar da ya zo da ita daga Barno ta taɓo rigimar kan iyaka, Lamiɗo Lawal ya sallame shi cikin 'yan kwanaki. Duk da haka ya rubuta abin da ya gani a hanya. Ya ƙiyasta mutanen Yola da kimanin dubu 12, ya ambaci irin waɗannan ƙauyuka da sunansu na rumde, ya kuma ce akwai masu hali da suka mallaki bayi sama da dubu.

Masana tarihin da suka zo daga baya, irin su Sa'ad Abubakar a littafinsa kan sarakunan Fombina da ya fito a 1977, da Martin Njeuma ɗan Kamaru, sun yi bayanin yadda tsarin yake. Ana samun bayi ta hanyar yaƙi da hari, da kuma gaisuwar da ƙananan masarautu ke aikowa Yola kowace shekara. Wasu a wuce da su Sakkwato, wasu a sayar, da yawa a zaunar da su a gonakin da ke kewaye da birnin. Dawar da ta ciyar da fada da malamai da mayaƙa daga hannunsu ta fito. Kuma ba a ko'ina ake kafa rumde ba, sai inda ƙasa ke da albarka, wato kusa da fadama da ruwa.

Turawa ba su rushe tsarin dare ɗaya ba. Dokar Gwamna Lugga ta 1901 ta hana cinikin bayi, ta kuma ce duk yaron da aka haifa bayan ƙarshen Maris na shekarar ɗa ne. Manya kuwa sai dai su fanshi kansu, ko su gudu, ko a 'yanta su. Sai a 1936 aka soke bauta gaba ɗaya a Arewacin Najeriya. Ƙauyukan suka zama garuruwa na kowa, wasu birni ya haɗiye su, sunan ya zauna.

Rumde ta Jimeta a yau mazaɓa ce guda cikin 11 na Yola ta Arewa, cike da masunta da manoman rani da 'yan kasuwa da ma'aikata daga ƙabilu da dama. Mafi yawan mazaunanta zuwa suka yi a cikin shekaru ɗari da suka wuce, don haka sunan ba ya faɗin asalin kowa. Abin da yake faɗa shi ne irin ƙasar da kuma irin aikin da aka san wuri mai wannan suna da shi.

Har a Garwa

Masu son ƙwallo sun ji wannan suna ba tare da sun lura ba. A gasar cin kofin Afirka da aka buga a Kamaru a farkon 2022, 'yan wasan Najeriya a Garwa suka zauna. A filin wasa na Roumdé Adjia suka ci Masar ɗaya da nema, a nan kuma Tunisiya ta fitar da su. Sunan filin na unguwar da yake ne, wato Rumden Ajiya, rubutun ne kawai na Faransanci.

Garwa na da unguwar Djamboutou, tana da Yelwa, tana da Nassarao. Jimeta na da Jambutu da Yelwa da Nassarawo. Birane biyu a kan kogi ɗaya, da suka taɓa zama ƙarƙashin Lamiɗo ɗaya, iyakar da Ingila da Jamus suka shata ta raba su, amma taswirar unguwanninsu ta ƙi rabuwa.

A ƙasar Hausa ma haka abin yake. Mutumin Kano da ke zaune a Gandun Albasa, ko na wani ƙauye mai suna Rinji, yana zaune ne a kan irin wannan tarihi.

Sauran sunayen

Idan aka bi jerin mazaɓu da unguwannin Yola ta Arewa da ta Kudu, sunayen kan faɗi ko dai yanayin ƙasa, ko bishiya, ko mutanen da suka sauka.

Luggere a Fillanci kwari ne, wurin da ƙasa ta lotsa ruwa ke taruwa. Yolde Pate da Yolde Kohi tudu ne, kuma kohi ita ce bishiyar ƙirya. Wuro Jabbe unguwar tsamiya ce. Jam ɗin da ke farkon Jambutu shi ne wanda ake ji a gaisuwar Fulani, wato lafiya, fatan wanda ya sauka sabon wuri ke nan, daidai da fatan da ke cikin Yelwa da Nassarawo.

Limawa da Alkalawa da Ajiya da Makama sun fito ne daga muƙamai: liman, alƙali, ajiya, makama. Gwadabawa kuwa sunan gari ne a ƙasar Sakkwato. A cikin Yola akwai Wuro Hausa, unguwar Hausawa, akwai kuma Adarawo da ke tuna mutanen Adar. Wannan shaida ce cewa Bahaushe ba jiya ya zo Adamawa ba. Tun ƙarni na 19 fatakensa ke bin hanyar hauren giwa da goro har cikin ƙasar da ta zama Kamaru.

Sababbin unguwanni sun zo da wani salo. Shagari sunan shugaban ƙasar da gwamnatinsa ta gina rukunin gidajen ne. Wasu rukunin gidajen da yawan gidajen da ke cikinsu ake kiransu, wasu da sunan mai filin, wasu da sunan Turanci da aka zaɓa domin ya yi daɗin talla. Irin wannan suna ba ya gaya wa mai saye ko filin kan kwanta da ruwa a watan Agusta.

Tafkin da jirage suka shiga

Wanda ke ganin Geriyo ba zai taɓa ƙafewa ba, ya je ya dubi Njuwa. Tafki ne a gefen cikin Yola, kusa da Rugange, inda Batawan Rugange da Njoboliyo da Dasin da sauran garuruwa kan taru bikin kamun kifi a ƙarshen rani. A 1901 ta cikin wannan tafki jiragen Morland suka shigo, suka tsaya kusa da wata kuka da ake kira Bokki Hampeto, sojoji kusan 400 suka sauka.

Yau mafi yawan Njuwa yashi da laka sun cike shi, ya koma gona da makiyaya, bikin ma ya daina zama abin kowace shekara. Ruwan da ya ɗauki jirgin yaƙi a cike da sojoji yanzu a rani ana ratsa wurinsa da ƙafa.

Geriyo ya fi sa'a zuwa yanzu. Tafki ne marar zurfi mai faɗin hekta ɗaruruwa, wanda kogi ke cika wa duk damina. Hukumar Raya Kogin Binuwai ta Sama, wadda aka kafa a 1976 mai hedikwata a Yola, tana da aikin noman rani a gefensa, inda ake noma shinkafa da masara da kayan lambu. Kaso mai tsoka na ganyen da ake ci a Jimeta daga nan yake fitowa. Amma magudanan birnin na zuba a cikinsa da leda da shara da ƙazantar ruwa, gine-gine kuma na matsowa bakinsa kowace shekara.

Laifin Lagdo ne kaɗai?

Idan ruwa ya shigo, yatsa na farko kan nuna madatsar Lagdo da ke sama da Garwa, wadda aka kammala a 1982. Gaskiya ne idan ta cika aka buɗe ƙofofinta, Jimeta na cikin garuruwan Najeriya na farko da ruwan ke iskewa. Gaskiya ne kuma madatsar Dasin Hausa, da aka tsara ginawa a yankin Fufore domin ta tare wannan ruwa, fiye da shekara 40 ke nan tana kan takarda.

Sai dai akwai wani ɓangaren. Bayan gina Lagdo, kogin ya rage hawa a shekaru da dama, mutane suka ga fadama ta bushe, suka ɗauka ta zama tudu. A daidai wannan lokaci birnin ke kumbura. Ƙidayar 2006 ta ba kowace daga cikin ƙananan hukumomin Yola ta Arewa da ta Kudu mutum kusan dubu 200. A ƙarshen 2014, da Boko Haram ta kama Mubi da garuruwan arewacin jihar, dubun dubatar mutane suka kwararo Yola da Jimeta, da yawa kuma ba su koma ba. Wanda ya zo hannu rabbana ba ya zaɓen fili, inda ya fi araha yake sauka, kuma fili mai araha a Jimeta shi ne na kwari.

Dillalan filaye sun fi ciniki da rani, lokacin da ko'ina ya bushe ƙayau. Mai saye ya biya, ya zuba harsashi, sai damina ta nuna masa abin da ya saya.

A nan dole a yi adalci: suna kaɗai ba ya tsare kowa a yau. A ƙarshen Yulin 2025 ruwan sama na dare ɗaya ya yi ɓarna a Yola ta Kudu, mutum sama da 20 suka rasu, kuma cikin wuraren da abin ya fi shafa har da Shagari da Yolde Pate, wadda sunanta tudu ne. Unguwa kan faro a kan tudu, sunan ya bi ta yayin da take gangarawa cikin kwarin da ke kewaye. Idan aka toshe hanyar ruwa da gini da shara, har tudun ma bai tsira ba.

A bar sunan ko a sauya?

Akwai masu ganin tono ma'anar Rumde ba shi da amfani. A wurinsu bauta ta wuce, an yi auratayya, an zama ɗaya, kuma a ƙasar da har yanzu ake binciken asali kafin a ba da aure, tayar da zancen na iya zama makamin gori a kan mutanen da ba su da alaƙa da shi. Wannan damuwa ce ta gaske, kuma duk wanda ya san yadda kalmar bawa ke yanka a zance ba zai raina ta ba.

Akwai kuma masu ganin shirun ne ya fi cutarwa. Tarihin Adamawa da ake koyarwa cike yake da sunayen sarakuna da shekarun mulkinsu. Waɗanda suka yi noman ba su bar kabari mai suna ba, ba su bar littafi ba. Kalmar rumde a kan taswira na cikin ɗan abin da ya rage na shaidar cewa sun rayu, sun yi aiki, kuma a kan guminsu aka gina birni.

Ni ina tare da na biyun. Abin kunyar bauta na kan tsarin da ya bautar, ba a kan wanda aka kamo daga gidansu aka ɗora wa fartanya ba. Goge sunan zai sauƙaƙa wa zuciyar wasu, amma zai shafe mutanen karo na biyu. Abin da ya dace shi ne a faɗi ma'anar gaba ɗayanta, zaman daminar da rinjin, a kuma faɗa a sarari cewa sunan wuri ba sunan zuri'ar kowa ba ne.

Ɓangare na uku su ne masu tsara birni, waɗanda damuwarsu ta aiki ce. Sunaye na rikicewa a rubuce: Geriyo ko Gerio, Doubeli ko Dubeli, Rumde ko Runde. A takardar fili da rajistar zaɓe da jerin masu karɓar agaji, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Aikin da ke gaba ba mai tsada ba ne. Jami'ar Modibbo Adama na da masu nazarin tarihi da harsuna da labarin ƙasa, fadar Lamiɗo na da hakimai da jaurori da masu unguwa da suka san iyakar kowace unguwa. Ana iya haɗa hannu a bi mazaɓu 22 na Yola ta Arewa da ta Kudu, a naɗi muryoyin dattawan Fulani da Batawa da Hausawa kan yadda kowane suna ya samo asali da kuma inda ruwa ya saba kaiwa, a ɗora bayanin a kan taswirar da hukumar tsara birane ke dubawa kafin ta ba da izinin gini. Dattawan da suka ga jiragen John Holt na lodin gyaɗa a Jimeta, suka kuma yi su a Njuwa yana cike, yanzu sun haura shekara 70, don haka da su ya kamata a fara.